Man kaɗen kaka a kantin Faransa

Sanyin Liyon ya fasa mini dugadugai har na fara ɗingishi, faso irin wanda ko hunturun Dosso bai taɓa yi mini ba. Na shiga wani kantin kayan kwalliya neman magani. Yarinyar kantin ta ɗauko ɗan gwangwani, ta shiga yi mini bayani sannu a hankali kamar mai biya wa yaro allo: wai sunansa "karité", daga Afirka ake kawo shi, mata ne ke tsinto 'ya'yansa a daji. Na buɗe na shinshina. Jama'a, man kaɗe ne! Warin kawai aka kashe, aka ɗiga turare. Kuɗinsa Yuro 30, kusan jaka ashirin ke nan. Ni da na tashi ina iza wa kakata wuta a Gaya tana dafa shi har ta cika ƙwarya! Na biya na fito, ban ce mata uffan ba.

Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Mu a gida kwalliya harkar mata ce da biki, nan kuwa tattalin arziki ce. In ka cire jiragen sama, da wuya ka sami hajar da ke jawo wa Faransa riba daga waje kamar turare da man shafawa. Kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal kaɗai ya yi cinikin sama da Yuro biliyan 41 a 2023. Akwai garin Grasse a kudu, tun kaka da kakanni turare ne abincinsu, daga mai noman fure har mai haɗawa. Mai kwalba da mai buga kwali duk a nan suke ci.

Mu fa? A sayar da 'ya'yan kaɗanya buhu-buhu a arha, sannan a raina man, wai warin ƙauye. Ƙannena sun gwammace man bilicin da ke ƙona fuska, alhali tun 2001 Tarayyar Turai ta hana sa haidirokinon, sinadarin da ake bilicin da shi, a man shafawa.

Kada ku ce komai na nan daɗi ne. Aski ma sai ka nemi rana tun kafin mako, ka biya Yuro 20, ba hira, ba shayi, kuma mai askin bai iya gashinmu ba. Wanzamin bakin tasha nake kewa.

Duk mai tahowa bayan Sallah, don Allah ya riƙo mini man kaɗen Gaya, mai warin, kada a sa masa komai.