Shan ruwa a wani gidan abinci na Nassarawa GRA: abin da na gani wajen masu hidima

Shekara 11 ke nan ina girkin biki a Kano, shi ya sa in na shiga gidan abinci idona ba ya tsayawa a kan faranti, masu kai da kawo yake bi. A azumin 2025, wanda muka ɗauka ranar 1 ga Maris, ƙanena ya dage sai ya fitar da Hajiyarmu shan ruwa. Ya kama mana tebur a ɗaya daga cikin manyan wuraren nan na Nassarawa GRA, mu shida har da Gwaggo da 'yata.

Duk wanda ya taɓa ciyar da jama'a ya san babu lokacin da ke tona asirin ma'aikata kamar buɗa-baki. Sauran ranaku baƙi ɗaya bayan ɗaya suke shigowa, kicin ya samu sararin numfashi. A azumi kuwa teburi wajen talatin ne, kowa ya wuni da ƙishirwar Maris, kuma a minti ɗaya kowa ke son ruwansa. Ana kiran magariba wajen ƙarfe 6:40, mu mun isa shida da kwata.

Tun a waya suka tambayi ƙanena ko akwai dattijo a cikinmu, ko wanda likita ya hana wani abu. Ya ce Hajiya na da ciwon suga da ciwon gwiwa. Da muka zo sai muka tarar an ba mu tebur a ƙasa, kusa da ƙofa, babu hawa bene. Muna zama aka karɓi odarmu, tun kafin kiran salla, don kicin ya fara aiki. Dabino da ruwa da kankana an riga an jera, an rufe.

Wadda ta riƙe falon wata mata ce da za ta yi shekara arba'in, ma'aikatan suna ce mata Anti. Ita na fi kallo duk daren. Ba ta zauna a bayan kanta ba, ta tsaya ne tsakanin ƙofar kicin da falo, inda idonta ke kaiwa kowane tebur. Na ƙirga yadda ta raba aikin: kowace weta tebur huɗu ne nata, ba ta tsallakawa na wata, samari biyu ba su da aiki sai ɗauko tire daga kicin, ɗaya kuma ruwa da kunu da zoɓo kawai yake zagayawa da su. Ban ji ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Da ido take magana, ko ta ɗan ɗaga yatsa, sai ka ga an nufi teburin da kofi ya ƙare. Kuma an koya musu tarbiyyar gida: Hajiya aka fara zuba wa, sannan Gwaggo, da hannun dama, ana ɗan rusunawa.

Kuskure ɗaya aka yi, kuma ba ƙarami ba ne. Yaron kunu, da alama sabo ne, ya zuba wa Hajiya kunun tsamiya mai sukari. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, ba ta ce komai ba, don ba halinta ba ne. Kafin in buɗe baki Anti ta iso. Ta durƙusa daidai kujerar Hajiya ta ce, "Hajiya, a yi mana afuwa, laifinmu ne, ga naki can an dama daban." Da kanta ta ɗauke kofin, da kanta ta kawo wani. Yaron yana tsaye hannunsa na rawa, ba ta ko harare shi ba. Sai can bayan salla na hango ta a bakin kicin tana nuna masa takardar oda da biro, yana gyaɗa kai. Na ga masu girki da yawa suna zage yaransu tas a gaban baƙi don a ce suna aiki. Abin da hakan ke jawowa shi ne yaro ya rikice ya ƙara wani kuskuren, baƙo kuma abinci ya fita ransa.

Wani abu ya ƙara kwanta min a rai. Su ma ma'aikatan yawancinsu azumin suke yi. Da aka kira salla kowa ya jefa dabino a baki ya kurɓi ruwa a tsaye, daga nan ta riƙa sallamarsu bibiyu su je su yi salla su ci wani abu, na kusa ya riƙe musu teburinsu. Mai yunwa ba ya iya yi wa baƙo fara'a ta gaskiya, ita kuma ta san haka.

Abincin ya yi. Ƙosan da zafinsa ya zo, farfesun kayan ciki bai cika yaji ba, gasasshen naman rago ya yi laushi har Gwaggo ta ci ba wahala. Miyar taushen ce gishiri ya ɗan yi mata kaɗan.

Inda suka gaza shi ne wurin sallar mata. Ɗan ɗaki ne da bai wuce mutum biyar ba, famfon alwala ɗaya tak, muka yi layi abinci na hucewa a tebur. Wurin da ke tallar shan ruwa bai kamata a ce wannan ya gagare shi ba. Sai kuma lissafi. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 kowa ya san da shi tun Fabrairun 2020, ban yi ƙorafi a kansa ba. Amma sun ɗora kashi 10 na kuɗin hidima wanda babu inda aka rubuta shi a takardar jerin abinci, sai a rasit muka gani. Hidimar ta cancanci kuɗin, ni dai a sanar da mutum tun farko nake so. Na faɗa wa Anti haka, ta saurara har na gama, ta rubuta, ta ce za ta kai wa mai wurin.

Da za mu tafi ta sa aka matso da mota har bakin ƙofa, wetar teburinmu ta riƙe wa Hajiya jaka. Hajiya ta tsaya ta ce a kira mata yaron kunun nan, ta sa masa albarka, sannan ta shiga mota.