Garejin da ya ƙi kwance kan injin 350Z ɗina

Motata Nissan 350Z ce, ƙirar 2005, ƙofa biyu kujera biyu, injin V6 mai lita 3.5 da ake kira VQ35DE. Daga Amurka ta fito, ta biyo ta Kwatano kamar sauran 'yan uwanta. Da zafin bana ya kankama, wajen ƙarshen Maris, sai ta fara obahitin. Da safe lafiya lau. Amma da rana, in na shiga cunkoson Zoo Road da eyasi a kunne, allurar zafin inji sai ta fara hawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne har a kan hanyar Zariya, inda iska ke bugun gaban mota, in na taka ta sosai kafin in kai Kwanar Ɗangora allurar ta wuce tsakiya.

Kafin in isa garejin da zan ba da labarinsa, motar ta sha hannu. Wani ya cire cikin tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗau zafi, ya ce na ƙasar Turawa ne, mu nan ba ma buƙatarsa. Wani rewaya ya haɗa fankokin biyu kai tsaye, da an murɗa makulli sai su tashi. Na ƙarshensu ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce gaskit ɗin sama ya ƙone, sai an sauke kan injin. Injin V6 kuwa kai biyu gare shi, kowa ya san abin da wannan magana ke nufi ga aljihu.

Wani abokina mai tsohuwar Marsandi ne ya kwatanta mini wurin. Yana wani lungu ta bayan titin Zariya, babu allon suna, rumfar kwano ce da rami ɗaya. Maigidan dattijo ne mai ƙarancin magana, aikin sanyaya inji da na waya kawai yake yi. Da na fara zayyana masa abin da aka ce, sai ya katse ni: "Alhaji, bar abin da suka ce. Yaushe take zafin? A tsaye ko a guje? Da eyasi ko babu? Ruwa yana raguwa?" Ya ce motar da ke zafi a cunkoso kaɗai, ta huce da an hau titi, yawanci matsalar fanka ce ko iska. Wadda ke zafi a guje kuwa, ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya kasa fitar da zafin. Tawa tana yin duka biyun, don haka hankalinsa ya tafi kan lagireto tun kafin ya taɓa sifana.

Duk da haka bai yanke hukunci da baki ba. Ya soka na'urar bincike a kafar OBD da ke ƙasan sitiyari, inda ake karanta bayanan kwamfutar mota, irin kafar da ke jikin duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996, ya sa yaronsa ya riƙe muka zagaya. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: allurar dashbod tana zaune daram a tsakiya alhali lambar da ke kan na'urar tana ta hawa, daga digiri 90 har ta haura 100. Allurar motoci da yawa haka aka yi ta, ba ta motsi sai abu ya yi nisa. Lokacin da tawa ta fara ɗagawa, na'urar ta kusa 110.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na gaskit. Bayan injin ya huce, ya buɗe murfin lagireto, ya rage ruwan kaɗan, ya ɗora wani bututu mai ɗauke da ruwa shuɗi a bakin. Aka tayar da mota, yana matsa robar da ke saman bututun tana zuƙo iskar da ke cikin lagireto ta ratsa ta cikin shuɗin ruwan. In hayaƙin silinda yana kutsawa cikin ruwan sanyaya, sinadarin zai juye ya koma rawaya. Muka zuba ido har injin ya ɗauki zafi. Shuɗi ya ci gaba da zama shuɗi. Don kada in ce ruwan nasa ne ya lalace, sai ya kai bututun bakin salansa ya matsa sau biyu, nan take ya koma rawaya. Ya duba bakin mai, babu alamar ya haɗu da ruwa, salansa kuma ba ta fitar da farin hayaƙi. "Yallaɓai, kan injinka lafiyarsa ƙalau. Kada ka bari kowa ya taɓa shi."

Daga nan ya ɗaura famfon gwaji ya cika hanyar ruwan da iska, matsin bai sauka ba, wato babu yoyo a tiyo ko a jikin lagireto. Murfin ne ya faɗi jarrabawa, robarsa ta taurare, ba ya riƙe komai. Mutane suna raina wannan murfi. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, a Kano ma ƙasa da haka kaɗan saboda tudu, amma in murfi ya matse shi da kusan "bar" ɗaya, wato ma'aunin matsi, sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Murfi mara ƙarfi yana barin ruwa ya tafasa da wuri ya tsere ta robar ajiya, kai kuma kana ta ƙari kana neman inda yake zuba.

Babban laifin yana jikin lagireto, ciki da waje. Ya bi fuskarsa da ma'aunin zafi mai jan haske, wani wuri zafi zau, wani wuri kusa da shi da ɗan sanyi, alamar wasu hanyoyin sun toshe. Da aka sauke shi na leƙa ta baki, farin dutse ya kama bututun kamar gindin tsohuwar butar shayi. Aikin ruwan rijiya da na burtsatse ke nan, wanda ake ɗurawa a duk inda aka tsaya. Tsakanin lagireto da kwandensar eyasi kuma, wurin da ido ba ya kaiwa sai an kwance, ƙurar hunturu ta daskare da gashin kaji da yagaggun ledojin fiya wata, yaron ya riƙa ɓamɓaro ta da hannu. Motar gajeriya ce, bakinta dab da ƙasa, duk abin da titi ya tara ita ke shaƙa.

Bai yarda a wanke tsohon a mayar ba, ya ce gefunansa roba ne kuma shekara kusan 20 ta ishe su. Na sayo sabo a Ƙofar Ruwa, da murfi, da tamostat cikakke da gidansa, don na wannan injin a haɗe suke zuwa. A kan tamostat ɗin mun ɗan yi ja-in-ja, domin ni ma maganar cire shi ta zauna mini a kai. Hujjarsa ta fi tawa: in babu shi injin yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, kuma cire shi ba ya buɗe lagireton da ya toshe. Fankokin ma ya mayar da su kan rile yadda kwamfuta za ta riƙa tayar da su. Famfon ruwa bai taɓa shi ba. A wannan injin sarƙar taimin ce ke juya shi, ba abin da ake buɗewa don a gwada sa'a ba ne, kuma babu alamar yoyo ko ƙara daga wajensa.

Fitar da iska ya ci lokaci fiye da ɗaura lagireton. Masu 350Z sun san halinta, iska tana maƙalewa a hanyar ruwanta, in ba a fitar ba sai ta koma zafi ka ɗauka gyaran bai yi ba. Suka ɗaga gabanta da jak, suka kafa mazurari a bakin lagireto, suka sassauta ƙaramin murfin da ke kan tiyon hita can baya kusa da bangon injin, suna zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji, da aka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa a hankali. Aka sa ƙaramin yaron shagon ya zauna a ciki da hita a ƙure, a tsakiyar Afrilun Kano, aikinsa ya faɗa in iskar ta koma zafi. Kumfa na ta fitowa ta mazurari ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ta sharce gumi yana cewa "Oga, har yanzu sanyi-sanyi." Da ya fito rigarsa sharkaf, sai da na saya masa lemo.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Kuɗin bincike daban ne, kuma sai ka biya ko da ba a nan za ka yi gyaran ba. Na ga wani ya yi fushi ya tafi a kan haka, ni dai ban ga laifin dattijon ba, amma da an faɗa tun farko ya fi. Ba ya ajiye kaya, kai za ka shiga kasuwa ka nemo, in ka kawo jabu ya mayar da kai. Ba ya ɗaga waya in yana aiki. Wurin zama benci ɗaya ne, rana kuma tana cin rabinsa. Yaransa sun bar mini shatin baƙin mai a kujerar direba, sai da na kai wanki.

Tun daga lokacin na sayi ƙaramar na'urar OBD mai haɗuwa da waya, ina kallon lambar da kaina. Na je Zariya na dawo da rana tsaka, eyasi a kunne, tana yawo tsakanin 88 da 95, a cunkoso ta ɗan ɗaga, fanka ta tashi, ta sauko. Saura murfin robar da ke ƙarƙashin injin, wanda wani ya cire wajen juyen mai bai mayar ba. Dattijon ya ce yana taimakawa iska ta ratsa lagireto maimakon ta zille ta ƙasa, ya ce in nemo. Na sa a duba mini a Panteka ta Kaduna.