Kashbak, Kupon ko Katin Bashi: Wanne Ne Ke Rage Kuɗin Cefane?

Duk wanda ya taso ana aikensa kasuwa ya san gyara. Ka auni kwano biyar na gero, mai hatsi ya kamfato hannu guda ya zuba maka a kai. Ka sayi tumatir, a jefa maka attaruhu biyu ko uku. Babu wanda zai ce maka gyaran zai lalace idan ba ka dawo kafin Juma'a ba, ko kuma sai ka kawo abokai uku sannan a ba ka. Da wannan mudun nake auna duk rangwamen da ake tallata mana a waya yanzu, kuma yawancinsu ba sa cika shi.

Ba don son banza mutane suka koma lissafin naira ɗari da hamsin ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 cefane ya zama abin zama a yi shawara. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, sannan a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Magidancin da a da ba ya waiwayar canji, yau shi ne ke duba wace manhaja ce za ta mayar masa da wani abu.

Tun daga farko in faɗi inda na karkata: kashbak, wato ɗan kuɗin da manhaja ke mayar maka bayan ka biya, shi ne nawa. Amma bari in sallami sauran biyun tukuna.

Katin bashi mai tara maki tsarin Amurka ne, inda banki ke mayar wa mutum kashi 1 ko 2 na abin da ya kashe, ya kuma caje shi ruwan da ya haura kashi 20 a shekara idan bai biya a kan lokaci ba. Mu nan katin da ke aljihunmu, Verve ne ko Mastercard ko Visa, kusan duk na cire kuɗinka ne da ke asusu. Wanda zai ci bashi mai ruwa don ya tara makin sayen taliya, ba da shi nake magana ba.

Kupon kuwa, wato lambar rangwamen da shago ke ba ka, da shi muke da tsohuwar gaba. Wata shekara a watan Nuwamba, lokacin gwanjon da shagunan intanet ke yi, aka turo mini lambar rangwamen naira 3,000. Ina murna na shiga, sai na tarar ba ta aiki sai kayan sun kai na 30,000. Abin da nake buƙata bai wuce na 19,000 ba. Maimakon in haƙura, sai na shiga cike gurbi: na ƙara injin markaɗe, alhali akwai wanda ke aiki a gida. Kuɗin kawo kaya Kano ya cinye kusan duk rangwamen. Injin ya zo da tsagaggen kofi, na mayar, aka ce an dawo mini da kuɗina, ashe ba kuɗi ba ne, wata takardar sayayya ce da ba ta aiki sai a shagonsu, kuma tana da wa'adi. Na shagala da hidimar ƙarshen shekara, wa'adin ya wuce. Maiɗakina har yau idan ta ga ina latsa waya ina murmushi sai ta ce, "Malam, ba dai wani injin markaɗen ba ne?"

Ban ce kupon ba shi da amfani sam ba. Idan dama ka riga ka yanke shawarar sayen abu, ka san farashinsa a Sabon Gari ko Farm Centre, sannan ka ga lambar ta sauko da shi ƙasa da haka har da kuɗin kawowa, to karɓi abinka. Sai dai kafin ka latsa, nemi abu uku a ƙananan rubutun da ke ƙasa: mafi ƙarancin kuɗin da za ka kashe, ranar da zai mutu, da yadda ake mayar da kuɗi idan kayan sun zo da matsala. Na ukun nan shi ne wanda ba a dubawa, kuma shi ne ya ci ni. Akwai kuma tsohuwar dabarar ɗaga farashi mako biyu kafin gwanjo, a soke shi da jan layi, a rubuta farashin da dama shi ne na asali. Ɗauki hoton farashin tun a watan Oktoba, za ka sha kallo.

To, kashbak. Yawancinmu ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tura mu OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda, lokacin da manhajojin manyan bankuna ke ta sarƙewa, mai shayi ma ya koma karɓar tiransifa. Da ƙura ta lafa sai muka zauna, saboda tura kuɗi kyauta ko kusan kyauta, da kuma ɗan abin da ake mayarwa idan ka sayi katin waya, data, ko ka biya kuɗin wuta.

Abin da ya sa na fi yarda da shi, na san inda kuɗin ke fitowa. Kamfanonin waya dama suna ba dillalansu la'ada a kan duk katin da suka sayar. Da ita mai teburin sayar da kati a bakin titi ke rayuwa. Manhaja dillali ce babba, sai ta yago wani abu daga la'adarta ta ba ka don kada ka koma wata. Shi ya sa kason kati da data ya fi na wuta tsoka, shi ya sa kuma ba za ka ga an mayar maka da komai ba don ka tura wa mai shinkafa kuɗi. A talla za ka ga an rubuta "har zuwa kashi 6". Kalmomin "har zuwa" ɗin nan su ne wurin lura, domin babban kason yawanci na sabon shiga ne ko na wani layi a wani mako. Abin da ni nake gani a kullum bai fi kashi 2 zuwa 3 ba.

Ga lissafin gidana. Data da katin kira, nawa da na maiɗakina da na yara biyu manya, suna cin kusan 23,000 a wata. Abin da ke dawowa yana kaiwa 500 zuwa 700. A shekara ka ce dubu bakwai, ko da ɗan ɗoriya. Ba zai sayi ragon layya ba, na sani. Amma kuɗi ne da ya dawo a kan abin da ko da gyara ko babu sai na saya, ban ƙara ko sisi don in same shi ba, kuma ban cike wani gurbi da injin markaɗe ba. Nan ne ya yi wa kupon fintinkau.

Idan za ka zaɓi manhaja, kada girman kason da ke allon talla ya ja ka. Duba ko abin da aka mayar ana iya haɗa shi da kuɗinka kai tsaye, ko kuwa maki ne da ba ya aiki sai a sayen kati na gaba. Na biyun ma ba laifi, tunda katin dai za ka sake saya, muddin makin ba ya mutuwa bayan 'yan kwanaki. Duba ko dole sai ka latsa wani maɓalli kafin a cire maka shi, don akwai waɗanda makinsu ke nan jibge ba su taɓa sani ba. Sannan ka tabbatar kamfanin yana da lasisin Babban Banki. Tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da kuma asusun kamfanonin kuɗin waya, miliyan 2 a ƙananan bankuna irin na maikurofainans. Ni dai duk da haka kuɗin wata guda kawai nake zubawa a ciki, sauran suna wani wuri.

Wani abu da ya kamata mai gudun riba ya kula: yawancin manhajojin nan suna da wani sashe na ajiya da ke ƙara maka ruwa kullum, kuma suna yawan tura mutum can da launuka masu ɗaukar ido. Wannan daban, ragin da aka yi maka a kan sayen data daban. Haka ma tayin bashi na nan take da ke faɗowa a allo, wai an ba ka kupon na rage ruwa. Rufe shi ka wuce.

Kuma kada a tara da cokali a zubar da ludayi. Harajin naira 50 na kan tiransifar da ta kai 10,000 ya shafi manhajojin nan ma tun Disambar 2024. Daga Maris 2025, cire 20,000 a na'urar ATM ta bankin da ba naka ba naira 100 ne, in a wajen harabar banki ne har da ƙari. Mai POS na unguwarmu 200 yake karɓa a kan dubu goma. Cirewa uku a wurinsa ta share kashbak ɗina na wata ɗaya tas. Saboda haka wanda ke biyan mai kanti da tiransifa kai tsaye ya fi mai farautar kaso riba, ko da bai taɓa samun maki ɗaya ba. Kayan abinci kuwa, har gobe babu manhajar da ta kai ku haɗu ku huɗu ku sari katan a Singa ko buhu a Dawanau lokacin kaka ku raba. Can ne ake taya kaya a ce albarka, ka juya a kira ka.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci, domin inda ake rabon naira ɗari biyar, nan ɓarayi ke shinfiɗa tabarma.

An taɓa kirana da rana tsaka. Hausarsa tsaf, ya ambaci cikakken sunana, ya ce, "Ranka ya daɗe, kashbak ɗinka na naira dubu ashirin ya maƙale, za mu turo lamba shida ka karanto mana mu sake shi." Kafin ya rufe baki saƙon ya shigo. Wannan lambar ita ce mabuɗin asusuna. Shi ne ke ƙoƙarin shiga daga wata wayar, manhajar kuma ta turo mini don ta tabbatar ni ne. Da na ce zan zo ofis da kaina, sai ya kashe. Babu ma'aikacin banki ko na manhaja da zai nemi irin wannan lamba da ake kira OTP, ko lambar sirrinka, ko lambobin bayan katinka. Kashbak na gaskiya ba ya maƙalewa, ba ya buƙatar a sake shi, shiga yake yi da kansa. Ku faɗa wa iyaye mata da tsofaffi wannan da baki, ku maimaita, don su aka fi nema.

Sai saƙonnin WhatsApp masu yawo musamman gab da azumi da sallah: wani babban kamfani na rabon buhun shinkafa, ko data kyauta, ko takardar sayayya ta dubu hamsin, ka latsa nan, ka tura wa zaure biyar. Shafin zai nemi BVN ko NIN da lambar waya da ranar haihuwa. Da waɗannan ake haɗa kiran da na ba ku labari, shi ya sa mutumin ya san sunana. Haka shafukan bogi na "kula da abokan hulɗa" a Facebook, masu tambarin kamfani sak. Ka rubuta ƙorafi a fili, cikin minti biyar su biyo ka ta akwatin saƙo. Ƙorafi a cikin manhajar ake yinsa, ita ma a sauke ta daga Play Store, ba daga wani fayil da aka turo a zaure ba.

A kantuna ma akwai nasu salon. "Sayi biyu a ba ka ɗaya" sau da yawa kayan da wa'adinsu ya kusa ne, madara ko man shafawa a biredi da saura mako uku. Juya gwangwanin ka karanta kwanan wata, ka nemi lambar NAFDAC, ka duba nauyi, don wani ragin an rage shi ne daga cikin ledar.

Mafi muni shi ne wanda ya ari sunan kashbak ya yafa. Za a ce ka yi rajista a wani dandali, kana latsa "oda" ta kayan da ba ka gani ba, ana ba ka la'adar kashi 10 ko 20 a kullum. Ka sa dubu biyar, ka cire dubu shida, zuciya ta kwanta. Sai a ce ka hau mataki na gaba da dubu hamsin. Ku tuna lissafin da muka yi: kamfanin waya da kansa 'yan kaso kaɗan yake iya bayarwa, to wane ciniki ne ke haifar da kashi 20 a yini? Kuɗin na baya ake ba na gaba. Haka MMM ta yi har ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, haka CBEX ta rufta da jama'a a Afrilun 2025. Suna kawai ake canzawa.

Ƙanin maiɗakina ya faɗa irin wannan bara. Na yi masa magana, ya nuno mini allon wayarsa ya ce, "Yaya, wallahi suna biya, jiya ma na cire." Kuɗin sayen kekensa na ɗinki ne, 140,000. Ranar da ya je cirewa duka aka ce asusunsa na buƙatar tantancewa, ya biya 30,000 a buɗe. Allah ya sa ba shi da su, ya zo wurina aro, na hana. Kwana biyu ba ya gaishe ni da sakin fuska. Har yanzu yana cikin zaurensu na Telegram, kuma makon jiya wani ya ɓullo a ciki yana cewa shi lauya ne, zai karɓo wa kowa kuɗinsa idan aka haɗa masa dubu goma-goma.