Iskandariyya: jagoran ya yi, tsarin kamfanin ne bai yi ba

Kwana shida muka yi a Iskandariyya ta ƙasar Masar, ni da maiɗakina da mahaifiyata, a farkon watan Oktoba, lokacin da 'yan hutun Alƙahira sun watse amma rana tana nan da ƙarfinta. Tun kafin mu taso na biya wani kamfanin yawon buɗe ido ta intanet kuɗin mota da jagora na yini guda. A kan wannan hidimar nake son yin magana, don tun da muka dawo ake tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Motar ta iso ƙofar masaukinmu ƙarfe takwas daidai, a nan kam ba zan ci haƙƙinsu ba. Jagoran dattijo ne mai furfura, yana jin Turanci sosai, da ya ga ina ɗan taɓa Larabci sai ya riƙa sassauta harshe yadda zan gane. Abin da ya fara shiga raina shi ne yadda ya kula da Hajiya. Tun a mota ya ce in tambaye ta ko gwiwa tana damun ta. Da muka isa kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom al-Shuƙafa, bai ɓoye mata komai ba. "Ya Hagga," in ji shi, da irin lafazinsu na Masarawa, "matakalar nan murɗaɗɗiya ce kuma tana da zurfi, ki zauna a inuwa a kawo miki shayi." Ni na so ta gani da idonta, na ce, "Hajiya, ko za ki gwada a hankali?" Ta ce, "A'a, ku je ku dawo ku ba ni labari." Da na sauka na ga matakalar, sai na gode wa mutumin nan a zuciyata.

Wurin ya cancanci a gan shi. An sassaƙa shi ne cikin dutse hawa uku zuwa ƙasa, tun ƙarni na biyu miladiyya, ya ɓace wa mutane har sai a 1900 aka gano shi, ana cewa jaki ne ya rufta ta wani rami. Akwai wani ɗaki mai dakali uku inda dangin mamaci kan zauna su ci abinci idan sun zo ziyara. Jagoran ya ce daga tulin fasassun tukwane da kasake da aka samu a wurin sunan ya samo asali. Ya haska mana wani sassaƙe da fitilar wayarsa: kan dila irin na gumakan Fir'auna, jiki kuma sanye da kayan sojan Rum. Da ni kaɗai na shiga, da na wuce shi ban lura ba. Ginshiƙin da ake kira na Fomfi, wanda 'yan gari ke cewa Amud al-Sawari, minti goma ya ishe shi. Dutse ne ja guda ɗaya mai tsawon gaske, kuma don Sarkin Rum Diyokilishiyan aka kafa shi, Fomfi, wani jarumin yaƙin Rum, ba shi da hannu a ciki.

Sai ganuwar Ƙaitbai, inda raina ya fara ɓaci. Sultan Ƙaitbai ne ya soma gina ta a 1477, a daidai gurbin tsohuwar hasumiyar fitilar Iskandariyya da girgizar ƙasa ta rushe. Jiragen yaƙin Ingila sun yi mata ruwan wuta a 1882, aka sake gyara ta daga baya. Idan ka hau sama, teku ta kewaye ka ta kusan kowane ɓangare, ruwan shuɗi shar, ƙananan kwale-kwalen masunta masu fenti kore da shuɗi suna lilo a tashar gabas, garin kuma ya yi baka a gabanka har iya ganinka. Iskar da ke shigowa ta ƙananan tagogin bango sanyi gare ta kamar an buɗe firiji. Hajiya ta samu wani dakali ta zauna, ta ciro carbinta, ta yi shiru tana kallon ruwa. Ba ta yi minti goma sha biyar a haka ba direba ya fara kiran waya, wai lokaci ya ƙure.

Ina aka kai mu da wannan gaggawar? Shagon turare da takardun zane na 'yan yawon buɗe ido, wanda babu shi a jerin wuraren da aka turo mini kafin in biya. Kusan awa guda muka yi ana shafa mana turare a bayan hannu, ana kawo ruwan sanyi, ana faɗin farashin da ko tayawa ba ka iya yi. Jagoran ya tsaya a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Da na ja shi gefe na ce masa wannan ba ya cikin yarjejeniya, sai ya ce, "Ya Ustaz, wallahi ba ni na tsara ba, idan ban tsaya ba ni za a tuhuma." Na yarda da shi, don fuskarsa ta nuna. Amma awar nan a cikin lokacinmu na ziyarar babban ɗakin karatun Iskandariyya aka yanke ta. Abincin rana da aka haɗa a cikin kuɗin ma bai yi ba: kifi ya huce, shinkafa ta bushe, a garin da teku ke bakin ƙofa. Lambun Muntaza kuwa, da yake can ɗaya ƙarshen gari ne ga cunkoson motoci, muna isa rana tana shirin faɗuwa, muka leƙa tsohuwar fadar sarakunan Masar da ke cikinsa daga nesa muka juyo.

Kafin mu rabu dattijon ya yi mana abin da ya fi dukan yinin amfani. Ya karɓi biro ya rubuta mini a bayan rasit: unguwar Anfushi, bayan azahar, zaɓi kifinka da kanka, ka tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a sikeli.

Washegari muka bi maganarsa. Muka yi azahar a masallacin Abul Abbas al-Mursi, malamin nan ɗan Andalus, almajirin Shazali, wanda kabarinsa ke wurin. Masallacin Imam Busiri mai Burda yana nan dab da shi, Hajiya ta ce ko don wannan kaɗai tafiyar ta yi. Daga nan muka taka zuwa gidan kifi. An jera su a kan ƙanƙara, idanunsu na ƙyalli, maiɗakina ta ɗaga kunnen wani ta ga ja wur, ta ce wannan. Aka gasa mana wani kifi da suke kira buri bayan an birkiɗa shi cikin dusa, fatar ta ƙone baƙi ƙirin, kana ɓare ta sai ga farin tsoka yana tururi. Ɗayan aka tsaga shi biyu aka baje, aka zuba tumatir, albasa, tafarnuwa da barkono aka sa a tanda, shi suke kira singari. Ga jatan lande, ga shinkafar sayadiyya da ta yi launin ƙasa saboda soyayyar albasa, ga miyar riɗi ta tahina da gurasa mai zafi. Ba wanda ya yi magana sai da faranti ya koma ƙaya. Da dare kuma akwai hantar Iskandariyya, yankakkiya sirara da tafarnuwa da yaji a cikin siririn burodi, a matsa lemon tsami. Tana da zafi, mai ciwon ciki ya yi hattara.

Sauran kwanakin ba mu biya kowa ba. Muka koma ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, wannan karon tun da safe. Ginin kamar faifai ne da aka jingina yana kallon teku, bangonsa na dutsen Aswan an sassaƙa masa haruffan rubuce-rubucen duniya iri-iri. Zauren karatun yana gangarawa hawa-hawa, hasken rana na shigowa ta rufi ba tare da ya daki ido ba. Awa uku muka yi, ba wanda ya kira mu.

Masaukinmu ɗakin haya ne a hawa na biyar, a wani layi bayan babban titin bakin teku, kuma daga barandarsa na ga garin da babu motar kamfani da za ta nuna maka. Da hantsi wata tsohuwa a gidan da ke kallonmu takan zuro kwando da igiya, mai kanti ya ɗauki kuɗi ya saka gurasa da wake, ta ja abinta. Mai sayar da gas yana wucewa yana ƙwanƙwasa tukunya da sifana. Gishirin teku ya cinye fentin gidaje, ƙarafunan baranda duk tsatsa, amma an shanya wanki an jera tukwanen furanni. Mota kuwa ba ta wuya: ga tasi mai baƙi da rawaya, ku daidaita kuɗi kafin ka shiga, ga ƙananan bas-bas da suke kira mashru'. Gargaɗi ɗaya zan yi da babbar murya: titin bakin tekun yana da faɗi, motoci ba sa rage gudu. Idan kana tare da tsoho ko yaro, nemi hanyar ƙarƙashin ƙasa ko da za ka ƙara tafiya.

Wanda zai ɗauki irin wannan hidimar, ya nemi ta rabin yini, wuri uku kawai, kuma a rubuta masa cewa babu tsayawa a shago, babu abincin kamfani. Na aika wa kamfanin koke na faɗi haka, na kuma roƙe su kada su taɓa jagoran, har yau ba su amsa ba.

Ranar da za mu tafi Hajiya ta ce a mayar da ita ganuwar. Muka je bayan la'asar, muka tsaya a waje wurin masu kamun kifi da dogayen sanduna, maiɗakina ta sayo gasasshiyar masara. Muka zauna a kan duwatsun har aka kira magariba daga Abul Abbas, sannan ta miƙo mini hannu na ɗaga ta.