Bakin ruwan Tiga a tsakiyar bazara: abin da na biya da abin da na samu

Mazaunin birnin Kano da zafin Afrilu ya isa, har ya ce yana so ya wuni a bakin ruwa kuma ya dawo ya kwana a ɗakinsa, to ya cire teku daga lissafi. Tsakaninmu da Legas kusan kilomita 1,000 ne. Abin da Allah Ya hore mana shi ne madatsun ruwa, kuma nan kam ba a bar mu a baya ba: ga Tiga a Bebeji, ga Challawa a Ƙaraye, ga Watari a Bagwai, ga Bagauda. Ni Tiga na je da iyalina, kuma ba da motata ba. Wasu matasa na bi, masu shirya tafiyar wuni ɗaya su karɓi kuɗi a kan kowane kai. Tunda maƙwabtana na kasuwa sun dame ni da tambayar ko abin ya yi, bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Wurin ya yi. Shirin ne da saura.

Girma ne ya sa na zaɓi Tiga. An gina ta tsakanin 1971 da 1974, zamanin marigayi Audu Bako, a kan Kogin Kano. A yadda aka tsara ta tun farko, idan ta cika ruwanta zai mamaye murabba'in kilomita 178, ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2. Ba don ado na kawo lissafin nan ba. Ƙaramin ruwa da rana tsaka a bazara ba ya ba ka komai sai tururi da ƙarni, amma ruwa mai faɗi sai iska ta ratso shi kafin ta iso gare ka, ta zo da ɗan sanyinta. Bagauda ta fi kusa da gari, sai dai ƙarama ce, ta taɓa ɓallewa a 1988, kuma tsohon otal ɗin da ke bakinta yanzu Makarantar Horas da Lauyoyi ce, ba inda mutum zai je ya baje tabarma da kular abinci ba. Challawa, da aka kammala a 1992, ita ma babba ce, amma ba ta kamo ƙafar Tiga ba.

Abin da ya fara ɓata min rai tun kafin mu tashi shi ne hoton tallan. Farin yashi fes, bishiyoyin kwakwa, ruwa shuɗi. Ni da nake zuwa Legas saro kaya na san wannan ba Bebeji ba ce. Uwargida kuwa ta riga ta gani a wayarta, ta nuna wa yara, kowa ya sa rai. Ban ga amfanin wannan dabara ba, domin Tiga tana da nata kyan da ba sai an ara mata na wani wuri ba. Kuma ma wanda ke jin cewa an bar shi a baya don bai je bakin teku ba, ya kwantar da hankalinsa. Bar Beach ta Legas da iyayenmu ke ba da labari an cike ta da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Wurin shaƙatawar bakin teku na Landmark an rushe shi a 2024 saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Waɗanda suka rage yawanci sai ka biya kuɗin shiga, ka biya na kujera, ka biya na rumfa, kiɗa na dukan ƙirjinka, ga igiyar ruwan da ke janye mutum ko da ya iya iyo. Tarkwa Bay ce na san ruwanta a kwance yake, ita kuma sai da jirgin ruwa ake zuwa. Kallon teku abu ne da ya kamata mutum ya yi ko sau ɗaya a rayuwa, don ya ga ikon Allah. Amma hutu daban, kallo daban.

An ce mu haɗu ƙarfe bakwai na safe a kan titin Zariya. Mun zo a kan lokaci, mu da wasu iyalai, muka zauna cikin bas muna ta fifita da kwali har tara ta gota, ana jiran waɗanda "ga su nan a hanya". Na ce da shugaban tafiyar, wani yaro mai ladabi, "Malam, rana fa ba ta jiran kowa." Ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, sun riga sun biya ne." To mu ma ai biyan muka yi. Wannan jinkirin shi ne ya fi komai cutar da tafiyar, domin kimanin kilomita 70 ne zuwa Tiga, kuma wanda ya bar Kano bayan asuba zai sami sanyin safiya a bakin ruwan, lokacin da masunta ke dawowa. Mu sai muka isa daidai lokacin da duk wani mai hankali yake neman inuwa.

Amfanin jiran guda ɗaya ne: na tsallaka 'Yan Lemo na sayo kankana manya, waɗanda daga baya suka fi abincin da aka raba mana farin jini.

Hanyar kanta ba ta da laifi, kuma ina ba mutum shawara kada ya yi barci. Da ka wuce gadar Tamburawa ka doshi Kura, ƙasa za ta fara sauya kama. A watan da ko ciyawa ba ka gani a cikin gari, nan shinkafar rani ce da masara da albasa kore shar, ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Duk ruwan Tiga ne, ana koro shi ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, sauran ya gangara Haɗeja. Na nuna wa babban ɗana wani magudanin na ce masa ruwan da za mu je gani ne wannan, kuma da shi ake noma shinkafar da yake ci. Tun daga nan ya bar wayar uwarsa ya koma leƙen taga.

Yanzu bakin ruwan. A ƙarshen rani ruwa ya ja baya sosai, saboda haka tsakanin inda bishiyoyi suka tsaya da inda ruwa ya fara akwai fili mai faɗi. Wani wurin busasshiyar laka ce da ta tsattsage, wani wurin tsakuwa, wani wurin yashi mai ɗan ja, ga manyan duwatsu sun fito. Akwai sawun shanu, akwai kashinsu, don Fulani na kawo su shan ruwa. Wanda ya zo neman hoton talla zai yi tsaki. Amma ka ɗaga kai ka dubi gaba: ruwa ne har inda ido ya gaji, kwale-kwale ɗai-ɗai, belbelu na bin gefe, duwatsun wajen Rano can nesa cikin hazo. Ƙaramar 'yata, wadda babban ruwan da ta sani shi ne kududdufin unguwa da damina, ta riƙe min riga ta ce, "Abba, ina ƙarshensa?"

Inuwa ce matsalar, kuma a nan ne duk mai zaɓen bakin ruwa ya kamata ya tsaya ya yi tambaya kafin ya biya. Idan ka zauna ƙarƙashin bishiya ka yi nisa da ruwa da iskarsa. Idan ka matsa kusa da ruwa, babu komai tsakaninka da rana, ga ƙasa na ƙuna ta cikin silifas. Masu shiryawa sun zo da rumfar tamfol guda biyu ga bas guda cike da mutane. Mata da ƙananan yara suka cika su, kuma hakan ne daidai, mu maza muka rarrabu gindin duwatsu muna bin inuwa tana gudunmu. Da sun rage kuɗin da suka kashe a kan rigunan da aka buga wa tambarinsu sun ƙaro rumfa, da na yafe musu jinkirin safe.

Sai lasifika. Ban san wanda ya koya wa matasanmu cewa ba a shaƙatawa sai da kiɗa ba. Tun kafin a gama sauke kaya aka tayar da janareta, wuri ya koma kamar gidan biki. Mutum ya baro hayaniyar Kwari da hon ɗin 'yan adaidaita sahu, ya biya kuɗi, ya yi tafiyar fiye da awa guda, a zo a sa masa wata hayaniyar a ka. Wata dattijuwa da ta zo da jikokinta ce ta yi maganinsu. Ta kira shugaban ta ce, "Ɗan nan, ni ruwa na zo ji, ba wannan ba." Ya ce, "To Hajiya, an gama," ya rage. Da azahar aka kashe gaba ɗaya, kuma ba wanda ya nemi a sake kunnawa. Daga nan ne tafiyar ta fara biyan kuɗinta.

Bayan mun idar da salla na bi gefen ruwa ni kaɗai har na tarar da wani dattijon masunci yana ɗinkin koma a inuwar dutse, zaren a bakinsa, babban yatsan ƙafarsa ya ɗame ragar. A cikin kwale-kwalensa akwai karfasa da tarwaɗa a ɗan ruwa, wasu na motsi. Na yi masa sannu da aiki na ce, "Baba, na sayarwa ne?" Ya ce, "In ka taya, Malam." Muka daidaita, wata mata a can gefe ta gyara ta soya mana a kasko da wutar kara, ta barbaɗa yaji. Kifin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba namansa a tsaye yake, yana ɓarewa fari tas, ba irin wanda muke saya a gari ba. Shinkafar da masu shiryawa suka raba a robobi tun safe aka dafa ta, ta sha zafin bayan mota, da yawa a rufe aka mayar da ita.

Maganar shiga ruwa kuwa, ni na hana nawa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Dalili biyu ne. Na farko, madatsa ba kogin wasa ba ce; za ka taka ruwa iya gwiwa, taku kaɗan gaba ƙasa ta zurma, ga laka mai riƙe ƙafa, kuma babu wani mai ceto da aka ajiye a inda aka sauke mu. Na biyu tsargiya. Ruwan daɗi da ke kwance, mai ciyayi a gefe, shi ne gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar. Ba sai ka sha ba, ta fata take shiga, sai bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini a rasa daga ina. Cuta ce sananniya a yankunan noman rani, har a wasu ƙauyuka ake ɗaukarta alamar girma ga yaro namiji. Tana da magani, Praziquantel, amma me ya kai ka? Yaran da aka bari suka yi ta facal-facal a gefe sun ji daɗi, nawa sun yi min fushi na ɗan lokaci, kankana ta shirya mu.

An yi shawagi a kwale-kwale, kuɗinsa daban. Rigunan kariya daga nutsewa da aka zo da su ba su kai yawan masu shiga ba, kuma duk na manya ne. Mu Kanawa bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, Allah Ya jiƙansu. Na ce a shiga rukuni-rukuni daidai yawan rigunan, wasu suka ga na cika tsanani, amma shugaban ya goyi bayana, kuma wannan na yaba masa. Na shiga zagaye ɗaya. Da la'asar ne, rana ta yi sanyi, iska ta taso, ruwan na ɗan dukan gefen jirgin. In don wannan rabin awar kaɗai ne, ban yi asarar kuɗina ba.

Abin da uwargida ta ce lallai in rubuta shi ne banɗaki. Ba a tanadi komai ba. Namiji zai ɗauki buta ya zaga bayan dutse, mace fa? Sai da mata suka haɗu suka kare wani lungu da zannuwa. Duk wanda zai tafi da iyali ya tambayi wannan tun a waya, kafin tambayar abinci. Ya kuma tafi da ruwan alwala da na sha fiye da yadda yake zato, da hula mai faɗi ko lema, da takalmi mai rufi saboda ƙaya da zafin ƙasa.

Kuɗin da na biya mana duka bai fi abin da zan kashe a mai ba da na tafi da motata, saboda haka ta fuskar araha ba ni da ƙorafi. Direban ma natsattse ne, ya dawo da mu ana kiran magariba. Ga saurayi ko budurwar da ke son taro da hotuna, ko wanda ba shi da abin hawa, shirin ya wadatar. Ga mai iyali da hutu yake nema, na fi ganin gida biyu ko uku su haɗa kai su ɗauki shatar mota, su fita bayan asuba a ranar da ba Asabar ko Lahadi ba, ba kuma cikin hutun Salla ba, su tafi da rumfarsu, su tambayi mutanen wurin inda ya dace a sauka. Zan koma, amma a haka.

A tafi da tsabar kuɗi, ƙanana. Sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa a bakin ruwan, kuma na ga wani bawan Allah da aka riga aka soya masa kifi yana ta ɗaga waya sama yana neman tura kuɗi, mai suyar na tsaye da matsami a hannu tana kallonsa. Ni na ranta masa, ya mayar min a Kura.