Asibitin idon da na je a Jidda: aikinsu ya yi, amma kada ka je da motarka

Shekara 11 ke nan da aka ce mini ina da ciwon suga, kuma a duk tsawon lokacin nan ban taɓa bari an leƙa cikin idona ba sai watan jiya. Ni direba ne, ina jan motar wani kamfani tsakanin tashar jiragen ruwa da rumbunan kaya na Khumra. Idan zan sabunta lasisi ana gwada idona, in karanta allon bango har layin ƙasa ba gargada. To mutumin da yake hango lambar mota tun daga nesa, me zai kai shi wurin likitan ido? Haka nake ce wa maman yara duk lokacin da ta tayar da zancen.

Kawuna ne ya sa na sauko. Shi ya riƙe ni lokacin da na zo ƙasar nan, a ɗakinsa na unguwar Karantina na fara kwana. Sugansa ya girmi nawa da shekaru. Wata asuba ya tashi ya ce yana ganin kamar an watsa masa hayaƙi da yanar gizo-gizo a idon dama. Ya yi sati biyu yana saka kwalli yana cewa gajiya ce. Da aka kai shi aka ce jini ne ya zuba a cikin idon, an yi masa leza, daga baya aka yi aiki, amma yanzu da wannan idon inuwar mutum kawai yake gani. Ranar da na je duba shi ya kama hannuna ya ce, "Kai ma fa kana da abin nan. Ka je tun kana ganin hanyar zuwa." Na ce, "To Kawu, in sha Allahu." Ya ce, "Ba in sha Allahun 'yan kasuwa ba."

Asibitin na kuɗi ne, na ido zalla, yana can wajen Titin Falasɗinu. Sunansa dai na bar shi a cikina, don zan faɗi inda suka ɓata mini rai. Na zaɓe shi ne saboda yana cikin waɗanda tamin ɗin kamfaninmu, wato inshorar lafiya, yake karɓa. Na kira waya aka ba ni ranar Asabar ƙarfe 9:30 na safe. Ga abin da ya kamata ka ce idan ka kira, don kada a tura ka ɗakin masu auna tabarau: kana son "fahasu ƙa'il aini", wato duban ƙasan ido, kuma kai mai suga ne. Wanda ya ɗauki wayar ya tambayi lambar iƙama, wato katin izinin zama ƙasa, da sunan kamfanin tamin, ya ce shi ke nan. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma wannan shirun nasa shi ya jawo mini wahalar ranar.

Wurin tsaf yake, sanyin na'ura har ya yi yawa, kujeru sun wadata, akwai ɓangaren mata daban. Sai dai 9:30 ɗin nan ta takarda ce. Sai 10:40 aka kira lambata. Nas ɗin 'yar Filifin ce, hannunta da sauri, bakinta ba yawan magana. Ta sa na karanta allo, na cinye shi kamar kullum har ina jin kaina. Ta kai ni gaban wata na'ura da ke hura iska cikin ido don auna hawan jinin ido. Sai da ta maimaita sau 3 saboda ina ta ƙiftawa. Dama 16, hagu 17, ta ce lafiya, tunda har 21 ana ɗaukarsa daidai.

Daga nan ta ɗaga mini haɓa ta ɗiga magani a kowane ido. Yana da ɗan zafi kamar sabulu ya shiga, na daƙiƙa kaɗan. Aikinsa shi ne ya buɗe baƙin tsakiyar ido ya yi faɗi, don likita ya samu ƙofar leƙawa. Ta ce in zauna minti 30. Ina zaune na ciro waya in duba saƙo, sai na ga rubutun ya narke, ko sunan maman yara ban iya karantawa ba. Fitilun rufi kowace ta yi gashi. A nan ne fa wani dattijo ɗan Yaman da ke gefena ya ga makullin mota a hannuna ya ce, "Ya Hajji, kai ka tuƙo kanka?" Na ce eh. Ya girgiza kai yana dariya.

Ɗaukar hoton cikin idon ba ta kai minti 5 ba. Ka ɗora haɓa, ka jingina goshi, ka kalli wani ɗan koren haske, sai walƙiya ta haske ka. An kuma yi mini wani da suke kira OCT, shi kuma yana nuna kaurin tsakiyar bayan ido ne, ko ruwa ya taru a wurin.

Likitan shi ne ya biya ni kuɗina. Basudane ne, ɗan Wad Madani, da ya ji na amsa waya da Hausa sai ya ce mini "sannu da zuwa", ya ce ya tashi da maƙwabta Hausawa. Ya juyo da allon kwamfuta ya fuskance ni, duk da dai da ƙyar nake gani, ya ƙara girman hoton har ya cika allon. Bayan idona ne, ja-ja kamar cikin gwanda, jijiyoyi sun bazu kamar saiwar bishiya. Na dama fes. A na hagu ya sa bakin biro ya nuna mini wasu ɗige-ɗige ja, ƙanana kamar an tsoma allura a jini an taɓa takarda, da wasu 'yan farfashi rawaya guda biyu a gefe. Ya ce, "Ka ga waɗannan? Shekarun suganka ne suka rubuta su."

Yadda ya fahimtar da ni, a bayan ido akwai wata shimfiɗa siririya, Larabawa suna ce mata shabakiyya, ita ke karɓar hoton duk abin da ka kalla. Jijiyoyin da ke ciyar da ita sun fi gashi siranta. Suga idan ya daɗe yana sama sai ya raunana bangonsu, su kumbura, su riƙa yoyon jini da ruwa da kitse. Idan abin ya yi nisa wasu su toshe, ido ya shiga tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, su kuma su ne ke fashewa dare ɗaya, irin abin da ya sami Kawu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu ciwo, babu ƙaiƙayi, babu ja. Matuƙar ɓarnar ba ta taɓa tsakiyar shimfiɗar ba, za ka karanta allon lasisi har ƙasa alhali gefe yana lalacewa. Ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku na masu suga suna ɗauke da wani mataki na wannan matsala, da yawa ba su sani ba.

Ya tambaye ni tarakumi, gwajin nan da ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3. Na ce 9.2. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce yawancin mutane ƙasa da 7 ake nema musu, amma kada in je in yi gaggawar faɗo da shi da kaina, in koma wurin likitan suga a sauko da shi a hankali, a kuma duba hawan jini da kitsen jini, don su ukun tare suke cin ido. Ni ban kai matakin allura ko leza ba, tsakiyar idon ba ruwa. Ya ce in dawo bayan wata 6. Wanda aka duba ba a ga komai ba, sau ɗaya a shekara ne. Mai suga irin na manya ya kamata a duba shi tun ranar da aka gano ciwon, saboda sau da yawa ya daɗe a jiki kafin a sani. Mai irin wanda ke kama yara kuma, cikin shekara 5 da farawa. Mace mai suga da ta samu ciki, tun a watannin farko. Wato ni na makara da shekara 11 cif.

Na yi masa tambayar da na san mutanenmu za su yi, ko allurar ido da ake faɗa gaskiya ce. Ya ce gaskiya ce, irin su Avastin da Eylea, ana kashe wurin da ɗigo kafin a yi, kuma tana ceto gani sosai idan ruwa ya taru a tsakiya, sai dai ba sau ɗaya ake yi a gama ba, ana maimaitawa wata bayan wata. Jikina ya yi sanyi. Shayin nan mai cokali 3 na suga da nake sha a bakin tasha ya faɗo mini a rai, da kwalaben lemon da ko harajin kashi 50 cikin 100 da aka ɗora musu a 2017 bai hana ni saya ba.

Yanzu ga inda suka gaza. Na fito ƙarfe 12:30, ranar Jidda tana tsakiyar ka, ga ido a buɗe wangame ba tabarau. Wallahi kamar an watsa mini garwashi. Farar motata ma ban iya kallonta ba. Na koma ciki na tambayi na kan tebur, sai a lokacin yake gaya mini ai ba a tuƙi sai bayan awa 4 zuwa 6. Na ce to me ya hana ku faɗa a waya? Ya ɗaga kafaɗa. Magana ce ta numfashi ɗaya: zo da mai rakiya, zo da baƙin tabarau. Dole na roƙi wani ya nemo mini lambar ɗan yayata a wayar, ya baro aikinsa ya zo. Yana isowa ya ce, "Kawu, kai da kake kai mutane, yau kai ake kaiwa?" Ga yunwa, don ban taho da komai ba, kuma mai shan maganin suga da aka zaunar awa 3 ya kamata a ce wani ya tambaye shi ko ya karya. Babu wanda ya tambaya. Rahoton ma da Turanci suka buga shi, sai da na koma na roƙi likitan ya rubuta mini abu biyu da Larabci a baya.

Kuɗi kuwa, da tamin abin da ya fito daga aljihuna bai taka kara ya karya ba, amma sai da muka jira kusan minti 20 kafin kamfanin ya amince da hoton OCT. Wanda ba shi da tamin ya tambayi farashin ganin likita da na kowane hoto daban-daban tun a waya, domin ba a haɗe suke ba, kada ya zo tebur ya ji kunya.

Wani abokin aikina da na ba shi labari ya ce ai shi bara ya yi gwaji a shagon tabarau kyauta. Na tambaye shi, an ɗiga maka magani? An ɗauki hoton ciki? Ya ce a'a. Na ce to ƙarfin gilashi aka auna maka. Likitan ma ya ja mini kunne kada in yanki tabarau a lokacin da suga ke hawa da sauka, saboda ganin yana canzawa da shi, ka biya kuɗi bayan sati uku gilashin ya daina yi maka.

Zan koma wurinsu? Zan koma, saboda likitan da kuma na'urorinsu, kuma hotona na farko yana hannunsu, da shi za a gwada na gaba. Na riga na karɓi rana, na ce a ba ni bayan la'asar don in fito rana ta yi sanyi. Maman yara za ta bi ni, ita ma an gano mata suga bayan haihuwar autanmu, ba a taɓa duba ta ba. Da na je na nuna wa Kawu hoton a waya, ya kawo ta dab da idonsa na hagu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in nuna masa ɗigon da yatsa, shi bai gan su ba.