Mai hoton da ruwa bai kora ba

Ranar da muka sa za mu ɗauki hoton iyali a gonar Baba da ke Kura, cikin Agusta, tun hantsi hadari ya haɗu. Na kira mai hoton mu ɗaga, ya ce, "Hajiya, ku taho, hasken damina ba ya sa mutum ya runtse ido." Gaskiyarsa. Ya zo da laima uku, ya naɗe kyamararsa a leda, ya jira ruwan ya koma yayyafi.

Hoton da na fi so: Inna zaune gindin mangwaro, jikoki kewaye da ita, shinkafa koriya shar a baya, ga ɗigon ruwa a bakin mayafinta. Takalman yara dai sun sha taɓo. Kwana huɗu ya kawo hotunan, har da wankakku.